Mai Shara a Rumfar Tsinke

Shekara goma sha tara ina shara
a rumfar tsoho Hà Văn Tuất, bakin kogin Mã,
inda ake tsaga gora, a fere ta,
ta zama tsinken cin shinkafa.
Cikin gora goma da ruwa ke gangaro da su daga tudu
da kyar huɗu ke isa teburin wani.
Sauran rabona ne:
gaɓa, ɓawo, dusa mai shiga hanci,
da sartsen da ke soke tafin hannu ya kwana a ciki.

Da yamma mukan tara bayan rumfa mu cinna wuta.
Hayaƙi ya kwanta a kan ruwa,
shanya ta kwana da ƙauri,
jikokina su kwana da tari.
Ban ga laifin kowa ba.
Shara ai shara ce.

Sai Duyên, autata, ta dawo daga jami'a a Hanoi
da buhu uku, babu komai a ciki.
Na ce, 'yar nan, wasu na kawo wa uwa tsaraba,
ke kwasar juji kika zo?
Ta durƙusa a kan tarin tana zaɓe
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Direban bas ya karɓi kuɗin mutum guda a kan buhunan.

Ga abin da ta faɗa mini, yadda na riƙe shi:
a niƙa, a dafa da ruwa mai kaifi, ɗan'uwan ruwan toka,
har danƙon da ke riƙe gora tsaye ya saki,
ruwan ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a murhu.
A wanke. A sake wankewa. A wanke.
Abin da ya saura fari ne, kamar jiƙaƙƙiyar auduga.
Selulos, in ji ta.
Har yau harshena na tuntuɓe da shi.

Sau goma sha ɗaya yana ƙi mata.
Wani ya karye kamar ƙanzo,
wani ya yi funfuna kafin sati.
Takan kira ni da dare, muryarta a dushe,
in ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse,
ta ce, Inna, shi ba shi da ranar kare digiri.

Damina ta biyu ta zo da shi cikin littafi:
falle ɗaya, siriri, ina ganin zanen hannuna ta cikinsa.
Ranar wuƙa ta taɓa mini yatsa.
Na ce to, manna mini.
Ta ƙi. Wai ba a gama gwada shi a kan rauni ba.
Na ɗaure da tsumma irin na kullum,
na naɗe ɗanwake-ɗanwaken shinkafata mai danƙo a ciki,
na tafi aiki da shi a aljihu.
Bai yage ba.

Da na gama ci na binne shi gindin barkono,
na kafa tsinke don shaida.
Bayan wata biyu na tona:
tsutsa biyu, ƙasa mai laushi, shi ke nan.
Ledar da na binne tare da shi tana nan, tana kallona.

Yanzu duk Alhamis babbar mota na zuwa.
Tuất ya sayi sikeli, ya sa wa juji kwaɗo.
Shanya ta daina ƙauri, yaran na barci.
Ni kuwa da nake ɗibar gaɓa kyauta in hura wuta,
jiya na saya, kilo biyu,
daga abin da na share da hannuna.
Na gaya wa Duyên ta waya.
Ta yi shiru,
sannan muka yi dariya har katina ya ƙare.